Sarkin Katsina Usman Nagogo, Gwanin Ƙwallon Doki

A wannan fitowa ta mujallar kwalejinmu an ba kowane aji fili ya kawo tarihin wani sanannen mutum wanda ya riga mu gidan gaskiya, domin mu da mu ke shirin zama malamai mu sami abin da za mu riƙa faɗa wa yara. Waɗansu sun zaɓi malamai, waɗansu mayaƙa, ni kuwa na zaɓi ɗan wasa. Kada mai karatu ya yi mamaki in ya ji ɗan wasan nan sarkin yanka ne, gama Alhaji Sir Usman Nagogo, wanda ya sarauci Katsina daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a kan doki da sanda a hannu tun kafin a naɗa masa rawanin sarauta. Labarin mulkinsa yana da yawa, zan kuwa taɓo kaɗan daga ciki. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya ɗauki wasan baƙi, ya haɗa shi da abin da ya gada a gida, har ya zama babu kamarsa a ƙasar nan.

An haife shi a birnin Katsina a shekarar 1905. A lokacin nan shekara 2 ke nan da Turawa suka shiga Katsina, watau a 1903, ƙasar Hausa kuwa tana cikin juyi. Ubansa Muhammadu Dikko Basullube ne, yana riƙe da sarautar Durbi. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero suka ba Dikko sarauta, da haka ta fita daga gidan Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje, waɗanda su ke riƙe da ita tun zamanin jihadi. Ashe kuwa Nagogo bai yi wayo ba sai da ya ga kansa a gidan sarki, inda haniniyar ingarmu ce ke ta da yaro daga barci.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi halin da doki ya shiga a zamanin nan. Shekaru aru-aru doki shi ne ƙarfin sarautun ƙasar Hausa da Barno da Adamawa. Yawan baraden sarki shi ne girmansa, sulke da lifidi kuwa su ne dukiyar da a ke alfahari da ita. Da bindiga mai ruwa ta zo, duk wannan ya ƙare cikin ɗan lokaci. Turawa suka hana yaƙi da hari, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota kuma ta biyo baya. Sai doki ya zama ba shi da sauran aiki sai kilisa, da sukuwa, da hawan Salla, da hawan daba in wani babban baƙo ya zo, kamar wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925. Ga dawaki a barga suna cin harawa da dusa, ga samari 'ya'yan barade waɗanda suka iya hawa tun suna ƙanana, amma babu fagen da za su gwada kansu.

Wasan da ya ba doki sabon aiki daga nesa ya fito. Ƙwallon doki, wanda a ke kira folo, tsohon wasa ne na mutanen Farisa da ƙasashen da ke kewaye da ita. Turawan Ingila sun tarad da shi a Manipur, can gabashin Indiya, suka koya, suka kafa ƙungiya a Silchar a 1859, da wata a Kalkata a 1862. Sojojin doki suka kai shi Ingila a 1869, ƙungiyar Hurlingham ta London kuwa ta tsara masa dokoki. A Nijeriya an fara buga shi a Ikko a 1904. Da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa sai hafsoshin soja da ma'aikatan mulki suka kafa shi can, har aka fara gasar kofin Georgian a 1919. A farkon al'amari wasan Turawa ne, ɗan ƙasa kuwa aikinsa ya riƙe linzami a bakin fili.

A shekarar 1921 Sarki Dikko ya tashi zuwa aikin haji, ya bi ta Ingila a jirgin ruwa, inda ya gana da Sarki George na Biyar. Nagogo yana ɗan shekara 16 ya bi ubansa, ko da ya ke tafiyar ta katse masa karatu a makarantar Lardi ta Katsina, wadda ya gama a 1923. Dikko mutum ne mai son doki ƙwarai, mai kuma saurin gane abin da zai amfane shi cikin al'adun baƙi. Bayan wannan tafiya ce wasan ya kafu a Katsina da goyon bayansa. Aka share fili, aka zaɓi dawaki masu sauri, ya sa 'ya'yansa da yaran gidansa su koya. Cikinsu duka babu wanda wasan ya karɓa kamar Nagogo.

Tun da ya ke da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin wasan ba, bari in bayyana shi a taƙaice, gama in ba a san wuyar abu ba ba a san darajar gwaninsa ba. Filin yana da tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160, watau kusan eka 10. A kowane ƙarshe akwai turaku biyu, yadi 8 tsakaninsu, ta nan a ke ci. Kowane gefe mahaya 4 ne. Na ɗaya da na biyu su ne masu kai hari, na uku shi ne uban tafiya wanda ke raba ƙwallo da dogon bugu, na huɗu kuwa mai tsaron baya. Ana yin wasan kashi-kashi, kamar turmi a dambe, kowane kashi minti 7, a kan kuwa yi 4 zuwa 6. Bayan kowane kashi sai a sake doki, domin babu dabbar da za ta jure gudun nan ba hutawa. Duk sa'ad da aka ci sai a yi musayar gefe, don kada rana ko iska su cuci waɗansu.

Sandar doguwa ce mai tanƙwasuwa, da guntun itace a gicciye a kanta, da gefen itacen nan a ke bugun ƙwallo. Doka ta ce da hannun dama kaɗai a ke riƙe ta, linzami kuwa a hagu. Babbar dokar wasan ita ce ta hanyar ƙwallo. Duk inda ƙwallo ya bi ya shata hanya ke nan, wanda ke binta daidai shi ke da ita, ba kuwa a yarda wani ya gitta masa ba, gama in dawaki biyu suka yi karo a guje ana iya rasa rai. Amma an yarda ka jera da abokin hamayyarka, kafaɗa da kafaɗa, ka ture shi daga kan hanyar, an kuma yarda ka maƙale masa sanda sa'ad da ya ɗaga zai buga.

Mai kallo ya kan zaci bugu mai ƙarfi daga damtse ya ke fitowa. Damtse yana da nasa rabo, amma kaɗan ne. Mahayi ya kan miƙe a kan likkafa, ya matse doki da gwiwa, ya murɗa kafaɗa baya, sa'an nan ya saki sandar ta zagayo ta tarad da ƙwallon daidai lokacin da ya zo kusa da ƙafar doki ta gaba. In an yi daidai, gudun doki da nauyin mahayi da tanƙwasuwar sanda duk sai su taru a kan ƙwallon da bai fi lemo girma ba, ya tashi ya wuce yadi 100. In aka yi gaggawa ko jinkiri ko da na ƙiftawar ido, sai sanda ta tono ƙasa ko ta sari iska. Ana bugu gaba, ana bugu baya, ta dama da ta hagu, har ta ƙarƙashin wuyan doki. Na hagu ya fi wuya, domin sai mutum ya tsallakar da hannunsa na dama bisa wuyan doki ya rataya a gefe, dokin kuwa yana zuba gudu.

To, a nan ne gadon gida ya yi wa Nagogo da 'yan'uwansa rana. Wanda ya ga jahi a hawan Salla, ko a Katsina ko a ƙofar fadar Lamiɗo a nan Yola, ya san yadda mahayinmu ke sako doki a guje ya tsai da shi cak a gaban sarki. Riƙon linzami da hagu da makami a dama, da juya doki a ƙunci, da rashin tsoron ƙura da tururuwar dawaki, duk barade sun san su tun kaka da kakanni. Amma wannan kaɗai bai isa ba. Sirdinmu na gargajiya yana da tudu gaba da baya, yana riƙe mutum kamar kujera, na folo kuwa shimfiɗaɗɗe ne, ba abin da ke riƙe mahayi sai ƙafafunsa. Tilas suka sake koyon zama. Barde ya saba neman suna shi kaɗai, a folo kuwa wanda ya riƙe ƙwallo don a gan shi ya kashe ƙungiyarsa. Ga kuma dokoki waɗanda a ke hukunta mutum a kansu ko ɗan wane ne shi. Nagogo ya riƙe na gida bai yar ba, ya kuma zauna ya koyi na baƙi har ƙarshensa.

Akwai ma'aunin da ke nuna iyakar inda ya kai. A wasan folo kowane ɗan wasa yana da lamba ta gwaninta, wadda ta fara daga 2 ƙasa da sifiri ta hau har 10. Lambar nan ba lissafin ƙwallayen da mutum ya ci ba ce. Kwamitin masana ne ke dubansa a fili, su auna hawansa, da bugunsa, da sanin wasa, da amfaninsa ga ƙungiya, su yanka masa lamba, sa'an nan su riƙa sake dubawa, su ɗaga ko su rage. Amfaninta shi ne, in ƙungiyoyi biyu za su kara sai a tara lambobin kowace, a ba mai rauni 'yan ƙwallaye tun kafin a fara. Yawancin masu wasan a duniya ba su wuce 2 har su tsufa. Wanda ya kai 5 ya isa a ɗauke shi haya a biya shi. Masu 10 kuwa 'yan kaɗan ne a kowane zamani, a zamaninmu galibinsu mutanen Ajantina ne. Usman Nagogo ya kai 7, lambar da ta sa a ke ƙidaya shi a gaban dukan 'yan wasan da Nijeriya ta haifa. Ya kai ta ne kuwa a kan dawakin ƙasarmu, tun ba a fara cika bargogi da dawakin Ajantina ba. Katsinawa suka zama abin tsoro a gasar Kaduna, suka sha komawa gida da kofin Georgian.

Mu tuna da zamanin da wannan ya faru. A ofis Razdan da Di'o su ke da magana ta ƙarshe, sarki kansa da yardarsu ya ke zaune. Ɗan ƙasa ba ya shiga kulob ɗin Turawa sai in aiki ya kai shi. Filin folo yana cikin wurare kaɗan inda doka ta yarda baƙin mutum ya sa kafaɗa ya ture Bature, alƙalin wasa kuwa ya ce daidai ne. Talakawan da suka yi dafifi a bakin fili sun ga wannan da idonsu. Rawani ana gadonsa, a zamanin nan ma sai Gwamna ya sa hannu, amma lambar 7 ba mai iya naɗa wa ɗansa ita.

Wasan bai hana shi aiki ba. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e ta Katsina, yana ɗan shekara 24. A 1937 ya zama Magajin Gari, watau hakimin birni. Da Sarki Dikko ya rasu a 1944 sai ya gaje shi, Gwamna Sir Arthur Richards ya ba shi sanda ran 19 ga Mayu. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu a lokacin, dubban samarin Arewa suna dajin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Kafin yaƙin ya ƙare sabon Sarki ya yi tattaki har Indiya da Bama ya gaishe su, ya komo wa iyayensu da labari. A 1952, da aka kafa Majalisar Ministoci ta tsakiya a Ikko, yana cikin mutum 4 da Arewa ta aika, a matsayin minista marar ofis. Sauran su ne Abubakar Tafawa Balewa, da Shettima Kashim, da namu na Adamawa, Muhammadu Ribaɗu. Daga baya ya riƙe irin wannan muƙami a gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna har zuwa 1966. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma mai laƙabin Sir a 1962. Duk da haka bai rabu da doki ba, shi ne kuwa shugaban Ƙungiyar Folo ta Nijeriya har iyakar ransa.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da jarrabawa. Ran 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Balewa, gwamnatin da ya yi wa aiki ta rushe. Wanda aka naɗa Gwamnan soja na Jihar Arewa kuwa ɗansa ne na cikinsa, Hassan Usman Katsina, shi ma gwanin folo. Daga nan gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Sarkin da ya fara aiki da shugabancin 'yan doka ya rayu har ya ga ba sauran ɗan doka a ƙarƙashinsa. Ya rasu ran 18 ga Maris 1981, bayan shekara 37 a kan gado. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi har 2008, sa'an nan jikansa Abdulmumini Kabir Usman. Filin folo na Katsina sunansa ya ke ɗauke da shi, wasan kuwa ya bazu, ana buga shi a Kano da Zariya da Jos da Sakkwato da Badun da Fatakwal, har da nan Yola.

Gaskiya ta sa in faɗi ɗaya gefen. Folo wasan masu hali ne. Ɗan wasa guda yana bukatar dawaki da yawa, kowanne da hatsinsa da kanwarsa da mai yi masa ciyawa. Da Nagogo ɗan masunci ne a bakin Njuwa, da ba mu taɓa jin labarin bugunsa ba, ko da baiwarsa ta ninka haka. Kuma a bayan kowane kofi akwai yaran barga waɗanda suka kwana da doki marar lafiya, suka horar da shi ya daina tsoron sanda, ba a kuwa zana sunansu a jikin azurfa ba. Abin daɗin ji shi ne, a 'yan shekarun baya da dama cikin gwanayen folo na ƙasar nan, waɗanda attajirai ke biya su buga musu, daga barga suka taso. Da aka ba su sanda sai aka ga ashe gwanintar tana nan, dama ce babu.

'Yan'uwana malamai, wannan shi ne inda labarin ya shafe mu. Ni a makarantar mishan na yi karatu, inda rabon wasa ya ke kamar rabon lissafi, ba mai taɓa shi. Amma a wata makaranta da aka aike ni gwajin koyarwa na tarar duk sa'ad da lokacin motsa jiki ya yi, sai a raba wa yara tsintsiya da lauje. Cikin ajin nan akwai wani yaro ɗan masunta wanda ke tuƙa kwalekwale a Binuwai shi kaɗai, da wani ɗan makiyaya wanda ke jifan kurciya a sama ya same ta. A rajista dukansu biyu daƙiƙai ne. Babu wanda ya taɓa ba su ƙwallo ko gora ya ga abin da idonsu da hannunsu za su yi, balle ya bi ta nan ya jawo su ga karatu.

Ba mu da dawaki da za mu raba wa yara, amma abin da Sarki Dikko ya yi wa ɗansa bai fi ƙarfinmu ba. Ya dubi abin da yaron ya riga ya iya, ya share masa fili, ya sa shi ƙarƙashin doka, ya bar shi ya kara da waɗanda suka fi shi. Kowane yaro da zai zauna a gabanmu ya zo da wani abu daga gida, ko iyo, ko langa, ko kokawa, ko lissafin kasuwa, ko harshe biyu ko uku. Malamin da ya ce masa ya ajiye wannan a bakin ƙofa kafin ya shiga aji ya rage masa jari. Wanda kuma ya bar shi da na gida kaɗai, bai matsa masa ya koyi sabon abu da dokokinsa ba, shi ma ya cuce shi. Sa'an nan in mun zo ba da maki, mu yi koyi da kwamitin folo, mu auna abin da muka gani a fili, mu riƙa sake dubawa, kada mu tambayi ko ɗan wane ne.

Ina roƙon duk wanda za a tura makaranta a ƙarshen shekarar nan ya tsare wa yara rabonsu na wasa, ko da fili ɗan kaɗan ne, ko da ƙwallon tsumma ne. Sarki Usman Nagogo kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya kyauta makwancinsa.